Littafin da aka saya da wanda aka ara: manhajojin tabulet a teburin Dungeons & Dragons

Duk wanda ya ga jagoran wasan Dungeons & Dragons yana haɗa kaya zai fita zama a ƙarshen mako, zai iya ɗauka ɗalibin lauya ne ya nufi ɗakin jarrabawa. Littattafai uku ne ginshiƙin bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014: Player's Handbook mai shafi 320, Dungeon Master's Guide mai shafi 320, da Monster Manual mai shafi 352. Jimilla shafi 992 ke nan, da bango mai kauri, kowane ɗaya a kan dala 49.95 a farashin kamfani na 2014. Wannan kuma ban da littafin labarin da za a buga a ranar, da taswirori, da takardun 'yan wasa, da fensir, da jakar dayis. Ba abin mamaki ba ne da masu wannan sha'awa suka yi wa kwamfutar hannu mai siffar allo, wato tabulet, kyakkyawar maraba tun bayan fitowar iPad a 2010. Na'ura ce da faɗinta ya yi kusa da na shafin littafi, tana kwanciya a kan tebur ba tare da ta kafa katanga tsakanin mutum da abokan zamansa ba, abin da kwamfutar cinya ba ta iyawa.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna a tebur ɗaya. Ɗaya shi ne jagora, shi ke riƙe da duniyar labarin: garuruwanta, sarakunanta, dodanninta da asiranta. Sauran kowa yana da jarumi guda da ya ƙirƙira, yana magana da bakinsa, yana yanke masa shawara. Kamar tatsuniya ce wadda masu saurare suka shiga cikinta, suka ƙwace wa mai bayarwa rabin ragamar. Idan jarumi ya yi yunƙurin abin da ke iya faskara, kamar tsallake rami ko yaudarar mai gadin ƙofa, sai a jefa dayis, ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20, a haɗa da lambobin da ke takardar jarumin, a ga ko ya dace. Ba a zuba kuɗi, ba a cinye kowa. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974, ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, shi kuma Hasbro ya sayi Wizards a 1999. Daga wannan tushe ɗaruruwan wasanni suka tsiro: Traveller na 1977 a sararin samaniya yake, Call of Cthulhu na 1981 bincike ne da ban tsoro, Pathfinder na 2009 kuma ɗan uwan D&D ne na jini.

Shagunan manhajoji cike suke da abubuwan da aka ce za su taimaki masu wannan wasa, kuma jerin "goma mafi kyau" ba ya ƙarewa a intanet. Amma tambayoyi biyu sun isa a tace su. Ta farko: manhajar tana ɗauke wa tebur nauyi ne, ko tana ɗauke masa hankali? Ta biyu, wadda ba a cika yi ba sai bayan an kashe kuɗi: abin da aka biya a cikinta, mallakar wa ne?

Manhajar da ta fi kowace amfani ita ce wadda ba a yi ta don wasa ba sam, wato mai karanta fayil ɗin PDF. GoodReader ko PDF Expert a kan iPad, Xodo a kan Android, duk aikinsu ɗaya ne. Gardama ta tashi a tebur kan abin da ke faruwa idan jarumi ya riƙe abokin gaba da kokawa. Da a ce littafin takarda ne, sai an buɗe fihirisa, an yi ta juya shafi, labari ya huce. A PDF kalma ɗaya za a rubuta, a sami wurin kafin mai gardamar ya gama jimlarsa. Ana iya buɗe littafi uku a lokaci guda, a sa alama a shafukan da aka fi komawa, a yi rubutu a gefe da alƙalamin tabulet. Kasuwar DriveThruRPG, wadda ta haɗe da kamfanin Roll20 a 2022, tana sayar da dubban littattafan wasa a wannan siga, kuma kamfanoni irin su Paizo da Chaosium suna sayar da nasu kai tsaye. Wanda ya sauke fayil ya sauke ke nan. Zai iya kwafe shi a wuri uku, ya buɗe shi babu data, ya buɗe shi bayan shekara goma a na'urar da ba a ƙera ba tukuna.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Wasan da ya fi kowane shahara ba ya sayar da manyan littattafansa na yanzu a matsayin PDF. Wizards of the Coast ya janye dukan fayilolinsa daga kasuwa a Afrilun 2009 bisa hujjar satar fasaha, kuma da ya dawo da su a 2013 tsofaffin bugu ya dawo da su. Wanda ke son Player's Handbook na bugu na biyar a tabulet ta halastacciyar hanya, sai ya bi ta wani dandali mai lasisi, kuma mafi girmansu shi ne D&D Beyond.

A yi wa D&D Beyond adalci: aiki ne mai kyau. Kamfanin Curse ya buɗe shi a 2017, ya koma hannun Fandom, sannan Hasbro ya saye shi a 2022 a kan dala miliyan 146.3. Babban abin da yake yi shi ne gina jarumi. A takarda, sabon ɗan wasa na iya shafe yamma guda yana lissafin lambobi shida na ƙarfi da basira, yana duba abin da kowane zaɓi ke ƙarawa, kuma da wuya ya gama ba tare da kuskure ba. A manhajar, tambayoyi ne ake bi ɗaya bayan ɗaya, lissafin yana yin kansa. Idan jarumi ya hau mataki, ko ya sa sabon sulke, duk lambobin da abin ya shafa suna canzawa tare. Asusun kyauta yana ɗaukar jarumai 6, ana iya sauke littattafan da aka saya a cikin manhajar don karantawa babu intanet, kuma jagora mai biyan babban kuɗin wata-wata zai iya raba littattafansa da 'yan teburinsa, ta yadda mutum ɗaya ya saya biyar su amfana. Ga wanda ke shiga wasan yau, babu ƙofa mai sauƙin wannan.

To amma abin da ake saya a can izinin karantawa ne, littafin yana zaune a gidan kamfani. Wanda ke da na takarda ba ya samun na manhaja kyauta, sai in ya sayi ƙunshin da ya haɗa biyun. Wanda ya sayi na manhaja kuma ba zai iya fitar da shi zuwa wata manhaja ba, ba zai iya sayar da shi ba, ba zai iya barin shi gado ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma tarihin kayan aikin wannan kamfani ya gaskata su fiye da sau ɗaya. A zamanin bugu na huɗu akwai D&D Insider, wanda mutane suka yi shekaru suna biya wata-wata don gina jarumai; an gina shi a kan fasahar Silverlight ta Microsoft, da fasahar ta tsufa sai aka rufe shi, abin da ke ciki ya tafi tare da shi. A 2014 an yi ta tallar wata manhajar tabulet mai suna DungeonScape wadda za ta raka bugu na biyar, aka raba gari da kamfanin da ke gina ta tun kafin ta fito kasuwa. A Mayun 2022 an daina sayar da littattafai biyu, Volo's Guide to Monsters da Mordenkainen's Tome of Foes, a D&D Beyond, saboda sabon littafi ya maye gurbinsu. A 2024 an soke damar sayen gutsuren littafi, wadda da ita mutum ke biyan 'yan daloli ya ɗauki abu ɗaya da yake buƙata ya bar sauran. A Agustan 2024 kuma kamfanin ya sanar cewa zai sauya dokokin sihiri na 2014 da na sabon bugu a takardun jaruman kowa, ko an so ko ba a so. Ihun da aka yi ya sa ya janye cikin 'yan kwanaki.

Akwai wani misali da ya fi waɗannan sarƙaƙiya. A 2022 littafin Spelljammer ya fito da bayanin wata al'umma mai suna hadozee, masu siffar birai, da tarihin da masu karatu suka ga yana maimaita mugun hoton da aka daɗe ana yi wa baƙar fata da zamanin bauta. Kamfanin ya nemi afuwa, ya goge sashen daga D&D Beyond nan take. Gyaran daidai ne, babu mai hankalin da zai yi kewar abin da aka cire. Amma hanyar da aka bi ta nuna wa kowa cewa hannun da ya shiga ya goge mummunan sakin layi a littafin da ke tabulet ɗin mutum, shi ne dai hannun da zai iya shiga gobe ya canza wani abin da mai littafin ke so.

Wannan batu na mallaka shi ne ya bayyana wani abu da ke ɗaure wa sababbin masu amfani kai. Mutum zai sauke manhaja mai zaman kanta, irin su Fight Club 5th Edition ko Encounter+, ya tarar da 'yan dodanni da 'yan zaɓuɓɓuka kawai, ya ɗauka malalacin aiki aka yi. Doka ce ta ɗaure su. Tun 2000 Wizards ya ware wani yanki na dokokin wasan ya ba kowa izinin amfani da shi a ƙarƙashin lasisin da ake kira OGL, kuma iyakar abin da manhaja marar yarjejeniya za ta iya ɗauka ke nan. Sauran sai mai amfani ya shigar da hannunsa. A Janairun 2023 aka fallasa wani daftari da ke nuna kamfanin na shirin soke tsohon lasisin, da karɓar kashi 25 cikin 100 na kuɗin shigar da ya haura dala 750,000 daga manyan masu bugawa. Martanin masu wasa yana da ban sha'awa: sun rasa inda za su ciji kamfanin sai a manhajarsa, suka yi ta soke biyan kuɗin D&D Beyond. Ranar 27 ga watan kamfanin ya miƙa wuya, ya saki wancan yanki na dokoki a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya janyewa. Duk ƙaramar manhajar da ke raye yau a wannan fage tana cin albarkacin wannan rigima.

Pathfinder ya bi wata hanya dabam, kuma ya kamata a duba ta. Kamfanin Paizo ya bar dokokin wasansa a buɗe a shafin Archives of Nethys, kowa ya karanta kyauta da yardar kamfanin. A kan wannan aka gina Pathbuilder 2e, manhajar gina jarumi da ke aiki a Android da burauza, mafi yawanta kyauta, sauran kuma biya ɗaya ne ba na wata-wata ba. Paizo yana cin riba daga littattafan labari da zane-zane da bugu mai kyau. Ga mai sha'awa a Kano ko Yamai ko Abuja, wanda kuɗin aiko da littafi mai nauyi daga Amurka zai iya kamo kuɗin littafin kansa, kuma katin bankinsa ba kullum yake wucewa a kasuwar dala ba, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Masu irin wannan sha'awa kuwa akwai su a ƙasar: kamfanin wasannin tebur na NIBCARD Games da ke Abuja ya lashe lambar yabo ta Diana Jones a 2021, ɗaya daga cikin manyan lambobin wannan masana'anta.

Idan aka bar littattafai, wurin da jagora ya fi buƙatar agaji shi ne fagen faɗa. Zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne a cikin labari, amma a tebur yana iya cin minti ashirin. Jagora yana riƙe da jerin wanda zai fara da wanda zai biyo, da sauran ƙarfin kowane dodo, da wanda aka sa wa guba, da sihirin da zai ƙare bayan zagaye uku. Wannan aikin akawu ne, babu wata fasahar ba da labari a cikinsa, kuma na'ura ta fi mutum iya shi. Encounter+ a kan iPad da Game Master 5th Edition suna jera masu faɗa, suna rage lambobi da taɓawa ɗaya, suna tuna abin da jagora zai manta. Kowace daƙiƙa da suka ƙwato daga lissafi tana komawa ga kwatanta yadda takobi ya sauka da yadda dodo ya yi kururuwa, wanda shi ne abin da ya tara mutane tun farko.

Haka ma batun ajiye bayanai. Labari ɗaya na iya ɗaukar shekara biyu ana zama duk mako, kuma ɗan wasa zai tambayi sunan wani maƙeri da aka haɗu da shi wata takwas da suka wuce, ya sa ran jagora ya tuna har da muryarsa. OneNote, Notion, GoodNotes duk suna aiki. Obsidian ya ɗan fi su dacewa da wannan sana'a saboda dalili biyu: yana haɗa shafi da shafi, ta yadda sunan maƙeri zai kai ga garinsa, garin ya kai ga sarkinsa, kuma yana ajiye komai a matsayin fayilolin rubutu zalla a cikin na'urar mai shi. Ko kamfanin ya rufe gobe, duniyar da mutum ya ƙaga tana nan.

Taswira kuwa, tabulet ɗin da aka kwantar a tsakiyar tebur yana iya zama filin daga. Owlbear Rodeo yana buɗewa a burauza, ana ɗora hoto, a shimfiɗa masa murabba'ai, kowane ɗaya ƙafa 5 a ma'aunin wasan, a rufe sassan da jarumai ba su kai ba a riƙa buɗewa sannu a hankali. Masu hannun zane suna yin nasu a Procreate. Manyan dandalin wasa daga nesa, irin su Roll20 da ya fara a 2012 da Foundry da ya fito a 2020, an gina su ne da tunanin babbar kwamfuta da linzami, kuma a tabulet wahalarsu ta fi daɗinsu. Don sauti akwai Syrinscape da Tabletop Audio, masu kawo ƙarar ruwan sama ko hayaniyar kasuwa. Gishiri ne: kaɗan ya gyara miya, jagoran da ya tsaya neman ƙarar ƙofa daidai lokacin da ya kamata ya buɗe ta da bakinsa ya yi asarar abin da yake nema.

Manhajar da ya fi kyau a bari a aljihu ita ce ta jefa dayis, duk da cewa ita ce ta fi yawa a shaguna. Ba wai ba ta da gaskiya ba; lissafinta daidai yake, kowace fuska ta dayis mai 20 tana da kashi 5 cikin 100 a gilashi kamar yadda take da shi a roba. Tana da ranarta ma: sihirin Fireball yana buƙatar a jefa dayis mai fuska 6 har guda 8 a tara, kuma babu laifi na'ura ta yi tarawar. Amma jifa ɗaya da rayuwar jarumi ta rataya a kanta wani abu ne dabam. Mutum ya girgiza hannu, kowa ya miƙo wuya, ƙwayar ta gangara ta bugi kofin shayi ta tsaya, tebur ya kaure da ihu ko ya yi tsit. Kowa ya gani a lokaci guda, babu wanda ya rigaya wani. A manhaja, mutum ɗaya ne ke kallon gilashi sannan ya sanar da sauran sakamako, kamar mai karanta labarai. An sami lamba, an rasa taron.

Daga nan ake gane haɗarin da ya fi na kuɗi. Na'urar da ke ɗauke da takardar jarumi ita ce ke ɗauke da WhatsApp da Instagram da saƙon ofis. A faɗan da mutum biyar ke jiran juna, ɗan wasa na iya zama minti goma bai yi komai ba, kuma yatsa ba ya zama banza. Kafin a ankara jagora yana kwatanta fadar sarki ga kawuna huɗu da suka sunkuya, idan layi ya zo kan wani sai ya ɗago ya ce a maimaita masa. Wasu tebura sun hana na'ura gaba ɗaya, wanda tsauri ne da ke cutar da mai raunin gani da ke buƙatar ƙara girman rubutu, da sabon shiga da lissafi ke firgita. Tsarin da ya fi ma'ana shi ne a sauke duk abin da ake buƙata kafin zama, a kashe data, a kwantar da tabulet a tebur inda kowa ke ganin fuskarsa. Wannan ma gwaji ne mai kyau ga manhajar kanta: wadda ba ta iya aiki sai da intanet ta riga ta faɗa wa mai ita inda kayansa suke zaune.

Masu kare tsarin biyan wata-wata suna da hujjar da ba za a raina ba. Gyaran kurakuran bugu yana isa ga kowa rana ɗaya, ba a sayen sabon littafi don an canza layi biyu, kuma gina manhaja mai haɗa dubban dokoki aiki ne da ke buƙatar albashin ma'aikata kowane wata. Duk gaskiya ne. Wanda ke wasa duk mako da bugu na yanzu, kuɗin da yake biya yana dawo masa a lokacin da ya tsira. Amma wasannin nan suna da tsawon rai fiye da kamfanonin fasaha. Akwai mutanen da har yau suke buga D&D da littattafan shekarun 1980 da suka gada ko suka tsinta a kasuwar gwanjo, TSR da ya buga su kuwa ya daɗe da shuɗewa. Babu wata manhajar 2010 da za a iya yi wa wannan shaida da tabbaci.

Saboda haka wanda zai kashe kuɗi ya fara da abin da ke zama nasa: mai karanta PDF, da littattafan da ake sayarwa a matsayin fayil, da manhajar rubutu mai ajiye bayanai a cikin na'ura. Manhajar faɗa ta biyo baya idan shi ne jagora. D&D Beyond kuma a shige shi da ido buɗe, a ɗauke shi haya, a bar mutum ɗaya ya sayi littattafai ya raba wa tebur maimakon kowa ya sayi nasa. Dandalin yana ba da damar fitar da takardar jarumi a matsayin PDF. Duk lokacin da jarumi ya hau mataki, a fitar da ita, a ajiye kwafi a wani wuri, a buga ɗaya a takarda a sa cikin jakar dayis.